Yadda Kwamiti Ya Zurfafa Waƙar Anita

Ranar Asabar da ta wuce na yi sammako zuwa gidan mai, ina tura babur ɗina kamar mai raka mara lafiya asibiti. Na tarar layi ya miƙe har ya sha kwana. Wurin da na samu bayan wani mai Keke Napep ne, wanda Allah ya hore wa sifika da ta fi injin kekensa girma, ya kuma ɗaura niyyar kowa a layin sai ya ci arzikinta. Waƙa ɗaya yake ta maimaitawa. Tun da sanyin safiya har rana ta take, abin da mawaƙin ya iya faɗa mana shi ne yana son wata yarinya, kuma zuciyarsa tana bugawa. Ban ji sunan yarinyar ba, ban ji unguwarsu ba, ban ji ko ya taɓa zuwa gaida ubanta ba. Zuciya dai tana ta bugawa. Da abin ya ishe ni na ce da mai keken, "Ɗan'uwa, yaron nan a kai shi a auna masa jini mana, kada ya faɗi a hannunmu."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Bappa, yanzu ba a jin magana. Bit ne ake ji, bugun kiɗa kawai."

Saura kaɗan a zo kaina sai ga wata farar a-kori-kura, bayanta fal da jarkoki, an manna mata takarda a gilashi wai aikin gaggawa na kwamiti. Ta wuce mu ɗaya bayan ɗaya kamar mu itatuwan bakin hanya ne. Aka ce man janaretan babban taron da za a yi da yamma ne. Muka zuba ido ana ɗura musu, har da wata jarka mai murfin leda da aka ɗaure da jan ƙyalle. Suna tashi mai sayar da man ya rataye tiyo ya ce mai ya ƙare. Na juyo da mara lafiyata muka kama hanyar Nassarawo a ƙafa. Ban yi nisa ba na hango jarkokin nan jere a gindin wata bishiya, a gaban 'yan bumburutu, har da mai jan ƙyallen. Dole in yaba. Tunda nake ban taɓa ganin kayan gwamnati ya iso hannun talaka da sauri irin wannan ba.

Bari in gaya muku wane taro ne, don in ba ku sani ba za ku ɗauka wasa ne. Kwanakin baya wani babba daga cikin manyanmu, wanda a gidana muke kira Mai Girma Za-A-Duba saboda duk kukan da ka kai masa amsar ke nan, ya tsaya a gaban jama'a ya ce waƙoƙin yaran zamani ba su da zurfi. Ya ce babu ma'ana, babu darasi, sai tsalle. Da na ji haka gabana ya faɗi, domin karon farko ke nan da ra'ayina ya zo ɗaya da nasa, har sai da na tambayi matata Adda ko ta ga wani canji a tare da ni. Bai tsaya a magana ba, nan take ya kafa Kwamitin Zurfafa Baitocin Waƙa. Kwamiti ya tafi wani babban otal a wani gari mai nisa domin nazarin zurfi, an ce wurin ninƙayar otal ɗin ya dace da aikin. Suka dawo sun yi ƙiba, da huluna da riguna masu hoton Mai Girma, suka sanar da Gasar Waƙa Mai Ma'ana.

Ni dai na san waƙa mai ma'ana, ba a otal na koye ta ba. Muna samari mukan bi abokai gayya can wajen Vimtim. Maza na gaba da fartanya, mata na biye da waƙa. In kunyarka ta karkace, kafin a sha kunu sunanka ya shiga waƙa, da na ubanka, da yawan tuwon da ka ci kafin ka fara aikin. Akwai wani wakili da aka ba aikin rijiyar gari ya haƙa ta a ƙofar gidansa. Babu wanda ya kai shi ƙara. Mata ne suka sa shi a waƙa, sai da ya daina cin kasuwa, ƙarshe da kansa ya rushe dangar da ya kewaye rijiyar da ita. Waƙar wancan lokaci ta san gidan da za ta je, ta san ƙofar da za ta buga. Ta yanzu kuwa fitowa take ta tsaya a tsakiyar titi tana girgiza, ba ta san wanda ya aike ta ba.

To, ga inda maganar ta shigo gidana. Maƙwabcina Tizhe, mutumin duwatsun Michika ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara da shekaru muna rigima a kan gwaibarsa da reshenta ya leƙo gidana, shi yana cewa 'ya'yan nasa ne tunda saiwar tana wajensa, ni ina cewa nawa ne tunda ni nake share ganyen. Ba mu gama shari'ar ba. Daminar bara yana dawowa daga gona ta bayan Kolere, ya ɗauro ɗanyar masara a babur, ya iso wata mashiga da kwalbatinta ya daɗe da karyewa. Duk kakar zaɓe Mai Girma kan je wurin da 'yan rakiya ya aza harsashin sabon kwalbati. Dutsen harsashin yana nan daram, ruwa bai taɓa iya masa komai ba, an yi shi da siminti mai kyau. Tizhe ne ruwan ya iya wa. Sai da aka kwana ana nema. Abin da mayo, wato rafin, ya fara dawo wa iyalinsa da shi takalminsa ne ƙafa ɗaya.

'Yarsa Anita tana cikin mawaƙan coci, murya gare ta mai ratsa katanga. Wata safiya tana wanke-wanke na ji ta tana rera wani abu da ban taɓa ji ba:

Tizhe ya fita da safe, ya ce a ajiye masa kunu,
Kunu ya huce a kwano, Mama ba ta zubar ba.
Mayo, ka dawo da takalmi, ina ka kai mai ƙafar?
An sa dutse an yi hoto, kwalbati bai zo ba.

Adda tana kwaɓa ƙullu ta tsaya cak, hannunta a cikin kwano, hawaye na zuba. Ni kuma na shiga ɗaki na ce wani abu ne ya faɗa mini a ido. Gaskiya ita ce waƙar ta karya mini zuciya, kuma na yi kewar abokin rigimata ƙwarai.

Da aka sanar da gasar, Mairamu, matar marigayin, ta leƙo ta kan katanga ta kira ni. Ta ce, "Baban Sumayyat, sun ce kowane yaro ya zo da babba. Ka raka mini Anita. Ni ba na son kyauta nasu. Abu ɗaya ne. Wannan mutum da yana zuwa yana sa dutse a mayo, ya zauna a kujera ya ji sunan miji na da kunnen shi. Ina ga ba a gaya mishi ba ne. Ya san akwai mutum ana ce da shi Tizhe. Shi ke nan."

Na ce, "Maman Anita, in dai wannan ne, an gama."

Ranar tantancewa muka tarar da kwamiti jere a bayan dogon tebur, gaban kowa ruwan roba da kilishi. Anita ta tsaya ta rera waƙarta tun daga farko har ƙarshe. Shugaban kwamiti ya cire tabarau ya goge ido, ya ce tunda suka fara aiki ba su ji waƙa mai zurfin wannan ba. Har na fara gyara zama. Sai ya ƙara da cewa matsalar ɗaya ce, zurfin ya yi yawa, kuma aikin kwamiti ne ya daidaita shi yadda ba zai cutar da kowa ba.

Na kusa da shi ya ce a cire kwalbati, domin kwalbati siyasa ce, gasar kuwa ta al'ada ce. Wani mai ƙaton ciki ya ce a cire mutuwar, Mai Girma yana fama da hawan jini, likita ya hana a gaya masa abin baƙin ciki bayan cin abincin rana. Wata hajiya mai gwala-gwalai ta ce ita takalmin ne ya dame ta, takalmi ƙafa ɗaya yana nuna talauci, ga shi ana sa ran masu zuba jari za su halarta. Kunu ma bai tsira ba, an ce ya huce, ba a kai wa manya abu mai sanyi. Da aka zo kan sunan Tizhe, sakataren kwamiti ya yi murmushi irin na wanda ya san doka, ya ce a ƙa'idar taro suna ɗaya ake ambata a kan dandamali, kuma mai sunan yana da kujera a gaba.

Anita ta ce, "Sa, to me ya rage?"

Suka duba suka ce ruwa ya rage, kuma ruwa abu ne mai kyau, kowa yana sha. Na ɗaga hannu zan yi magana, sai wani ya miƙo mini lemon kwalba da hula. Na sake ɗagawa, aka ƙaro mini riga. A nan na gane cewa a gaban kwamiti duk hannun da ya tashi roƙo yake yi.

Aka tura mu wurin Alex, mai situdiyon da kwamiti ya ba kwangila, ya cike gurbin abin da aka cire. Situdiyon wani shago ne a bayan kasuwa, an lulluɓe bangonsa da kiret ɗin ƙwai. Na fara yi masa bayanin yadda waƙar take a da, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Dadi, ka bar ni da aiki na. Dogon lirik ba ya tirendin. Mutane suna so su ji abu a ƙafa, ba a kai ba." Ya sa Anita ta faɗi kalma biyu uku a makirfo, ya tura muryar cikin kwamfuta. Ta shiga da muryar da ke sa Adda kuka, ta fito kamar sauro a cikin kwalba. Ga abin da aka samu bayan zurfafawa:

Ruwa-ruwa, bebi, ruwa-ruwa,
Mai Girma ya yi, ruwa-ruwa.

Haka take tafiya har ƙarshe. Alex ya ce wani daɗin ma, ranar taro ba sai ta wahalar da maƙogwaronta ba. Za a sa waƙar a na'ura, ita dai ta riƙe makirfo ta riƙa motsa baki, haka duk manyan mawaƙa suke yi yanzu. Na ce lallai an ci gaba. Da mutum ke waƙa kayan kiɗa na raka shi, yanzu inji ke waƙa mutum na raka shi.

A hanyar gida, da muka kusa ƙofa, yarinyar ta tsaya. Ta ce, "Bappa, kar ka gaya wa Mama. In na ƙi, ba za su bar ni na hau ba sam. In na gaya mata kuma, ban san yadda zan kalli idon ta ba." Na yi mata alkawari, na kuma yi ta jin nauyinsa, domin ta kan katanga ina jin Mairamu tana waya da dangi a Vimtim tana cewa su zo ran Asabar, za a faɗi sunan Tizhe a gaban manya. Har zanen zumuntar matan coci ta fitar ta goge.

Asabar ɗin ce na baro gidan mai da babur a hannu, don haka a ƙafa na je filin taron. An kafa rumfuna, an yanka shanu, an jera kujerun roba na haya, an kawo masu ɗaukar hoto sun fi mawaƙan yawa. Aka ce za a fara da azahar, Mai Girma ya iso bayan la'asar, mai gabatarwa ya gode masa bisa yadda yake mutunta lokaci. Aka fara gasa. Yaro na farko ya jero laƙabobin Mai Girma da kiɗa har lokacinsa ya ƙare bai kai ga baiti ba. Na biyu ya ce Mai Girma ne hasken idonsa, bargon jikinsa, kuma cajin wayarsa. Kwamiti ya yi ta jinjina kai yana auna zurfi.

Sai aka kira Anita. Aka saki ruwa-ruwa, sifikoki suka ɗauka har ƙasa na rawa. Samari suka zubo fili. Ni ban kalli dandamali ba, Mairamu nake kallo. Tana zaune a tsakiyar matan zumunta, ta tura jiki gaba, leɓɓanta a shirye, tana jiran inda kunu zai shigo ta bi. Ruwa-ruwa ta zagayo, ta sake zagayowa. Na ga ta juya ta dubi ta kusa da ita, ta sake duban 'yarta, sannan a hankali ta jingina da kujera ta naɗe hannu a cinya. Ban taɓa jin kunyar zama babba irin ta wannan lokaci ba.

Ana cikin haka janareta ya yi tari, ya sake yi, ya mutu murus. Sakatare ya ruga bayan rumfa, muna hango shi yana ɗaga jarka yana girgizawa a kusa da kunne. A duk filin nan ina jin ni kaɗai na san gindin bishiyar da man yake. Allah ya saka wa 'yan bumburutu da alheri, su kaɗai suka yi wa waƙa mai ma'ana hidima a wannan gari.

Anita ta rage a tsaye, baki a buɗe, babu sauti. Wasu suka fara dariya. Ta dubi makirfon hannunta, ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa, ta nemo fuskar uwarta a cikin taro. Sannan ta ɗaga muryar nan mai ratsa katanga ta ce Tizhe ya fita da safe, ya ce a ajiye masa kunu.

Matan zumunta suka karɓa da tafi, domin ashe duk sun iya. Dariya ta ɗauke. Wata mai tallar gyaɗa ta sauke farantinta ta tsaya. Da aka zo kan takalmi na ji wani a bayana yana jan hanci, na waiga, sai ga mai kekena na gidan mai, wanda ya ce yanzu ba a jin magana. Da aka zo kan dutse da hoto kuwa, shugaban kwamiti ya yi tsuru-tsuru, gumi ya jiƙa masa hula, yana satar kallon Mai Girma kamar mai jiran hukunci. Ni ma shi nake kallo. Waya biyu ce a hannunsa, yana danna ɗaya yana sauraron ɗaya, ƙafarsa kuma tana bin tafin matan daidai wa daida.

Anita ta kai ƙarshe. Mata na ta shessheƙa. Mai Girma ya ajiye wayoyi ya miƙe yana tafi, fuskarsa cike da fara'a. Ya hau dandamali ya ɗauki mataccen makirfon nan ya kai baki, saboda sabo. Ya ce wannan ita ce irin waƙar da yake nufi, mai daɗi, mai sanyaya rai, kuma kwamiti ya yi aiki. Sannan ya ce, "Shi kuma wannan Tizhe da ake ta yabo, da ji mutumin kirki ne. Irinsu muke nema. A kawo mini shi ofis ran Litinin mu gaisa."

Kwamiti ya ɓarke da tafi, shugabansu ya dawo da numfashinsa. Duk wahalar da suka sha suna cire kwalbati da takalmi ashe a banza ce, da sun bar waƙar yadda take ma babu abin da zai taɓa hawan jinin.

Sakatare ya zagayo rumfarmu yana tambayar iyalin Tizhe. Mairamu ta miƙe, ta gyara zanenta, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ɗana, ka gaya wa oga naka Tizhe ba zai iya zuwa ba. In yana so ya gan shi, ya bi hanyan Kolere ran da an yi ruwa sosai. Hanyan yana nan yadda Tizhe ya bari."

Sakatare ya ce za a duba.

Muka taho gida a ƙafa, Anita na riƙe da hannun uwarta. A hanya na ce bari in yi abin da manya ke yi, in nemo alheri a cikin abin. Na ce, "Maman Anita, ko ba komai buri ya cika. Ya ji sunan, har ya faɗa da bakinsa."

Ta ce, "Ya ji, Baban Sumayyat. Da ban zo ba, da har yau ina cewa don bai ji ba ne."

Muka iso gindin gwaiba, kowa ya shiga ƙofarsa.

Saboda haka ina janye ƙarar da na shigar a kan yaron nan mai bugun zuciya, da sauran 'yan ruwa-ruwa. Yaran sun auna kunnen da ake yi wa waƙar, suka ɗinka daidai da shi. Anita ta zo ta biyu a gasar, mai cajin waya ne ya zo na ɗaya.

Ran Litinin an wuni ana ruwa, masu gona a bayan Kolere suka tsaya a bakin mashiga suna jiran mayo ya sauka. Wani da ke shiga ofishin ya gaya mini cewa Mai Girma ya tuna da baƙonsa, har ya sa aka ajiye masa kujera. Da ya ga shiru, ya dubi agogo ya girgiza kai, ya ce abin da ke damunsa da talakawan yanzu ke nan, ba su da cika alkawari.